Gwaggo Ba Ta Shan Gahawar Makaranta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi. Bayan la'asar aka yi mata salla a Masallacin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, maza suka wuce da ita maƙabartar Baƙi'a. Mu mata muka koma gidanta na unguwar Ƙiblatain, muka shimfiɗa dardumai, muka ɗora gahawa a wuta. Ƙanwar mahaifin mijina ce. Ba ta haihu ba, maigidanta kuma ya daɗe da rasuwa, saboda haka karɓar gaisuwa a kanmu ya faɗa, ni da surukata da 'yan matan gida.

Na ga jama'a, har da waɗanda ban yi zaton gani ba. Wata 'yar Sudan mai rauda, wato makarantar ƙananan yara, ta shigo tana kuka tun daga bakin ƙofa. Kowa ya san Gwaggo ta taɓa kayar da makarantarta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ta hana ni barci shekara guda, amma wallahi ba ta zalunce ni ba." Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta gama addu'arta, ta gyara zama, ta ce, "Allah Ya jiƙanta, amma fa tauri gare ta. An ce ko ruwa ba ta sha a gidan mutane." Aka taso mata a kan cewa ba haka ba ne, a gida tana ci tana sha har ta nemi ƙari, a makaranta ne kawai ba ta taɓa kofi. 'Yan matanmu haihuwar nan suna zagayawa da dabino, ana yi musu ya haƙuri da Hausa, suna amsawa da Larabci.

Surukata kuwa, wadda muke kira Inna, ba a zuwa gaisuwa ko a ƙi zuwa ba ta lura ba. A rana ta uku ta jawo ni gefe.

"Ina Balarabiyar nan, abokiyar aikinta, wadda take ce wa 'yata? Ta ci tuwo a gidan nan ya fi a ƙirga. Ko leƙe ba ta yi ba."

Na ce, "Tana kan aiki, Inna."

Inna ta taɓe baki ta ce wane irin aiki ne ya fi mutuwa. Na bar maganar, domin bayanin yana da tsawo kuma gida cike yake da baƙi. Shi ne yanzu da aka naɗe dardumai na zauna zan yi shi.

A Madina aka haifi Gwaggo. Mahaifinta ya taso daga ƙasar Kano a ƙasa, ya yi shekaru a hanya, ya sauke farali, ya zauna. Hausarta tsohuwa ce, irin wadda ni da na taso a Kano sai a bakin kakata na ji ta, amma ba ta kai ƙarshen jimla ba tare da Larabci ya faɗo ciki ba. Ta daɗe tana koyar da ƙananan yara kafin hukuma ta ɗauke ta cikin masu tantance rauda. Aikin shi ne a aika ta makaranta ta yini tana kallo, ta koma ta rubuta abin da ta gani. Da rahotonta ake yanke ko makaranta ta cancanci shaidar inganci, wadda kowa a nan yake kira i'itimadi.

Aikin yana da dokoki, kuma ina jin ko waɗanda suka rubuta su ba su riƙe su kamar yadda ta riƙe ba. Mai tantancewa ba ta ci ko sha a makarantar da ta je dubawa, ba ta karɓar kyauta. A Madina kuwa ƙin karɓar gahawa ba ƙaramin abu ba ne. Shugabar makaranta za ta fito da butarta mai kyau, ta tsiyaya, ta miƙo. Gwaggo sai ta ɗora hannu a ƙirji ta ce, "Na gode, ina kan aiki." Filas ɗinta na cikin jaka, a mota take sha. Idan suka bi ta har waje suna tambayar me za su gyara, amsarta ɗaya ce: "Ido na kawo, ban kawo baki ba."

Akwai wata mai rauda da mijinta yake da gonar dabino a Khaibar. Ta san ba za a karɓa a makaranta ba, sai ta aiko da kwali guda ta hannun Inna, wai zakkar gona ce ake raba wa mutanen arziki. Kafin Gwaggo ta ji labari jikokin Inna sun ci kusan rabi. Ta sa maigidana ya kai ta kasuwa, ta sayi dabino ta cike kwalin, suka mayar. Matar ta buɗe ta ga sama wani iri, ƙasa wani iri, kuma na saman ya fi nata kyau. Har yau idan aka tuna wa Inna sai ta ce an kunyata ta a banza.

Tana da wata ɗabi'a da duk raudar da ta taɓa shiga ta san ta da ita. Ba ta shiga aji a tsaye. Idan ta isa bakin ƙofa sai ta tattare abayarta ta tsuguna, ta daɗe a haka tana juya kai, malamai na tsaye a kanta ba su san abin yi ba. Takan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a kai shi inda idon yaro yake.

Ni ma rauda gare ni, a unguwar Jurf. Lasisin da sunan maigidana yake, aikin nawa ne. Yawancin yaranmu 'ya'yan ma'aikata ne 'yan Najeriya da Nijar, sai 'ya'yan ɗaliban jami'a. Uwa za ta kawo ɗanta ta yi mini bayani da Hausa cewa bai yi barci ba, ko ba ya shan madara, in fahimce ta ba tare da tafinta ba. Wannan shi ne abin da muke da shi. Mun taɓa neman i'itimadi, wata ta zo ta duba mu, muka faɗi. Bayan nan aka buɗe wata babbar rauda kusa da mu, da shaidarta a manne a bakin ƙofa, iyaye suka fara tambayata ina tamu. Yara suka riƙa raguwa. Maigidana ba mai yawan magana ba ne, amma ya faɗa mini sau ɗaya: idan aka sake dubawa muka faɗi, za mu rufe, mu mayar wa mai gini mabuɗinsa.

To, ga gwaggon mijina mai tantancewa. Wace ce ba za ta yi tunanin abin da na yi ba? Na san ba za a taɓa aiko ta makarantarmu ba, doka ta hana mutum duba makarantar danginsa. Ni ba wannan nake so ba. Ranar wata Juma'a, bayan an ci shinkafa a gidan Inna, na matsa kusa da ita na ce ta zo ta leƙa mana kawai, ta faɗa mini inda muke kuskure.

Ta ce, "Amarya, ba zan zo ba." Amarya take ce mini har na aurar da 'ya.

Na ce, "Gwaggo, ba kuɗi zan ba ki ba balle a ce an saye ki. Shawara ce tsakanin uwa da 'ya."

"Da kuɗi da ba kuɗi duk ɗaya ne a wurinsu. Muddin ina riƙe da katin aikin nan, ba na ba makarantar da ke neman i'itimadi shawara. Idan aka gano, ni za a kora, ke kuma a soke miki ko kin ci."

"Wa zai faɗa musu?"

Ta dube ni ta ce, "Ni."

Inna ta shiga maganar, ta ce zumunta a ƙafa take. Gwaggo ta ce ƙafar tana nan, za ta kawo ta suna da biki da jinya, bakin ne ba za ta kawo ba. Sannan ta tambaye ni, matar da ke da rauda a layin bayanmu, wadda ba ta da gwaggo a hukuma, ita wa zai leƙa mata? Raina ya ɓaci. Na ce ni na ɗauka naka sai naka, ashe a gidan nan sai bare. Na ce 'ya'yan Hausawa ne za su watse, ita kuma tana rungume da kati. Ta ci gaba da ɓare lemonta.

Har yau ban ce na yi kuskure ba. Dokar tana da tsauri a kan irinmu, da kowa ɗan uwan kowa ne kuma masu ilimin abin a cikinmu ba su da yawa. Wanda ya rubuta ta bai zauna a Jurf ya ga uwa tana cire ɗanta tana ba ni haƙuri ba. Na yi watanni ina gaishe ta a tsaye. Da azumi na aika mata kunu ta hannun yara, ban kai da kaina ba. Ita ko a jikinta. Ta zo sunan jikata da turmin atamfa, ta zauna ta ci, ta ce miyar ta yi gishiri.

Wata safiya ina ofishina na ji mai gadi yana gaisawa da wata da Hausa. Na ɗago kai, sai ga Gwaggo. Ba ta taɓa taka makarantar ba sai ran nan. Na ba ta kujera. Don tsokana, don in ji ta faɗi kalmar tata in samu abin cewa, na ɗauko buta na tsiyaya gahawa na miƙa mata. Ta sa hannu ta karɓa. Ta kurɓa, ta ɗauki dabino, ta miƙo kofin in ƙara.

Na tsaya da buta a hannu. Ta ce, "Zuba mana. Na ajiye aikin."

Ashe tun makon da muka yi rigima ta mayar da katin. Akwai wa'adin da doka ta yanka wa wadda ta bar aiki kafin ta ba wata makaranta shawara, shi ta zauna ta jira har ya cika, ba ta gaya wa kowa ba. Kullum ta fita da safe muna ɗauka aiki ta tafi, ashe Harami, Masallacin Annabi, take zuwa. Saura mata shekaru kafin ritaya, kuma na san yadda take son aikin nan. Ba ta da ɗa, ba ta da gona, shi ne abin da take tashi dominsa. Na tambaye ta dalili. Ta ce gwiwoyi ne, wadda ba ta iya tsugunawa ba ta da abin da za ta tantance. Da ta gama kofi na uku ta miƙe, ta nufi ajin farko, ta tattare abaya ta tsuguna a bakin ƙofa lafiya lau, ko dafa bango ba ta yi ba.

Ta ce, "Amarya, zo ki tsuguna."

Na tsuguna kusa da ita, ni da nake da ƙiba, gwiwata na ƙara. Shekara da shekaru ina shiga ajin nan ban taɓa ganinsa ba. Duk hotunan da muka kashe ƙarfi muka manna suna can sama, inda babba zai gani ya yaba. Abin da ke daidai idon yaro shi ne farin bango, da wayar na'urar sanyaya ɗaki, da ƙasan tebur. Kayan wasa suna kan kanta, a jere, tsaf, ba mai iya kaiwa gare su sai malama. Gwaggo ta bar ni na gama kallo.

Sannan ta tambaye ni yadda muka yi ranar da aka zo duba mu. Na faɗa mata da alfahari. Mun yi mako muna horar da yara. Baƙuwa na shigowa suka miƙe suka gaishe ta da murya ɗaya, suka zauna suka naɗe hannu, suka sunkuyar da kai, ko tari ba wanda ya yi. Kuma na gargaɗi malamai kada a ji kalmar Hausa ɗaya ran nan, kada a ce makarantar baƙi ce.

Gwaggo ta dube ni. Ta ce, "Matar ta zo ganin yara suna wasa, suna tambaya, suna faɗa a raba su. Kun nuna mata zaman makoki. Ƙananan da ba su iya Larabci ba kuma kun ɗinke musu baki. Me kike so ta rubuta?"

Na ce ai tarbiyya ce, yaro ba ya surutu a gaban baƙo.

"A zauren kakansa ba ya yi. Nan ɗakinsa ne, ita ce ta zo masa. Kin karanta littafin ƙa'idojin da aka ba kowace makaranta? A ciki aka ce a girmama harshen da yaro ya zo da shi daga gida. Abin da kuka fi kowa, shi kuka ɓoye a bayan ƙofa."

Daga ranar ta riƙa zuwa. Muka sauko da hotuna, muka sauko da kayan wasa, aka sa matakala a gaban famfo. Ta koya wa malamai su daina magana da yaro daga sama. Yara suka saba da ita, su ma Gwaggo suke ce mata, suna hawa bayanta idan ta tsuguna. Amma ko a nan tana da iyaka. Na taɓa tambayarta yadda ake ba da maki, da abin da ya fi nauyi a wurinsu. Ta ce, "Abin da ke cikin littafin kowa zan faɗa miki har ki gaji. Abin da na sani na ofis, da shi za a binne ni." Na ce to ta buga wa tsofaffin abokan aikinta waya mana, su san da mu. Ta tashi ta ɗauki jakarta, sai da na bi ta har bakin titi ina ba ta haƙuri. Ba ta taɓa ce mini za mu ci ba, ko da wasa.

Daga baya ciwo ya kwantar da Gwaggo, jinyar ba ta yi tsawo ba. Tana asibiti takardar hukuma ta iso, da ranar da za a zo duba mu, da sunayen masu zuwa, domin ana sanar da makaranta ko tana da ƙorafi a kan wata. Ɗaya daga cikinsu ita ce Balarabiyar da Inna take cigiya, wadda Gwaggo ta koya wa aiki. Ta sanar da ofis kusancinta da Gwaggo, suka ce ta je, amma da wata a tare da ita. Na kai wa Gwaggo labari a gadon asibiti ina murna. Ta buɗe ido ta ce, "Kada ki yi murna. Ni na koya mata." Bayan kwana kaɗan ta cika.

Shi ya sa matar ba ta zo gaisuwa ba. Gidan makoki a hannuna yake a lokacin, ni ce mai miƙa gahawa, kuma makarantata ce a hannunta. An gaya mini an gan ta a Harami cikin sahun mata lokacin sallar gawa. Nan ba wanda zai hana ta.

Mako na zagayowa suka zo. Balarabiyar ba ta yi mini ta'aziyya ba, sallama kawai ta yi, ta nuna katinta. Na tsiyaya gahawa bisa al'ada, ta ɗora hannu a ƙirji ta ce da Larabci, "Na gode, ina kan aiki." Ta nufi ajin farko, ta tattare abaya ta tsuguna a bakin ƙofa. Nan na juya na shiga ofis na rufe, domin ban so malamai su ga fuskata.

Da na fito aji ya kaure da hayaniya. Wata yarinya 'yar Maraɗi ta je ta kama mayafin baƙuwar, ganin ta a tsugune, ta ce da Hausa, "Ina Gwaggo?" Malamar ajin ta dube ni. Ban hana ta ba. Sai ta durƙusa ta amsa wa yarinyar da Hausa, ta ce Gwaggo ta koma wurin Allah, mu yi mata addu'a. Baƙuwar ta san kalmar Gwaggo sarai, ta sha jin ta a gidan Ƙiblatain. Ta sunkuyar da kai ta yi rubutu. Suka yini, suka tafi, ba su ce mana ci kanku ba.

Sai da ta miƙa rahotonta, hannunta ya fita daga lamarinmu, sannan ta zo. Wata la'asar ce, ni da Inna muna kwashe kayan Gwaggo. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Allah Ya girmama ladanmu. Na shimfiɗa mata darduma ɗaya, na dafa gahawa, na miƙa. Ta karɓa da hannu biyu, tana sha tana kuka. Inna ta sauko daga fushinta, ta dafa ta, sannan ta juyo gare ni ta ce, "Tambaye ta mana, kun ci?"

Na ce, "Ba a tambaya, Inna."

"Wa ya ce?"

"Gwaggo."

Sakamakon ya zo ta hanyarsa, bayan makonni. Mun samu, tare da sharaɗin mu gyara inuwar filin wasa. Ba mu mayar da mabuɗi ba. Ranar da aka kawo allon shaidar, maigidana ya ɗauko tsani zai kafa shi a saman ƙofa, inda masu wucewa a mota za su gani, kamar na maƙwabtanmu. Na ce ya ajiye tsanin. Na tsuguna na nuna masa wurin. Ya ce yaran ai ba su iya karatu ba. Na ce ya kafa kawai. Yana nan har yau daidai ƙirjin ɗan shekara huɗu, kullum sai an goge shi saboda shatin yatsu, kuma duk uwar da ke son karantawa sai ta sunkuya.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwancinta a cikin maƙwabtan Manzo. Ranar da za a duba nata aikin, Allah Ya sassauta mata, don ita kam ba ta sassauta wa kowa ba, har kanta. Filas ɗinta yana ofishina. Na wanke shi, amma ban iya zuba komai a ciki ba tukuna.